SHARHI: Ina masu digirin digirgir za su nufa idan jami'a ta cika?

A shekarar 2012, Aliko Dangote ya bayyana cewa cikin kusan mutum 13,000 da suka nemi aikin tuƙin tirela a kamfaninsa, akwai masu digirin digirgir shida. An yi ta jimami, sannan aka manta.

Jami'a, wadda ita ce mafakarsu ta asali, ba ta iya ɗaukar su duka. Tsarin IPPIS ya ɗaure hannun shugabannin jami'o'in tarayya wajen ɗaukar malamai, kafin Majalisar Zartarwa ta amince da cire jami'o'in daga cikinsa a Disambar 2023. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 kuwa ya sanyaya gwiwar masu sha'awar koyarwa.

Hanyar waje tana nan. Ngozi Okonjo-Iweala ta kammala nata digirin a MIT a 1981, ta yi shekara 25 a Bankin Duniya, yau tana shugabantar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya. Sai dai misali irin nata ba ya warware matsalar talaka mai kundin bincike a hannu. Bankuna da ƙungiyoyin agaji suna neman wanda zai tace alƙaluma, ya rubuta rahoto mai shafi biyu kafin la'asar, abin da ɗalibi kan gama karatu bai taɓa gwadawa ba.

Gwamnati ma ba ta sauya tunani ba: tallafin karatu na TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, bisa sharaɗin su koma aji bayan sun kammala.