Iyon Jinjiri Ba Ya Ɗauke Wa Iyaye Tsaro

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta fara shiga gidajen masu hali a manyan biranenmu, musamman Abuja da Legas, wadda a da sai dai mu ji labarinta daga Ingila ko Amurka: a ɗauki jinjiri ɗan wata shida ko takwas, wanda ko zama bai ƙware ba, a kai shi wurin ninƙaya na otal ko na kulob, uwa ko uba ya shiga ruwa da shi, malamin iyo na tsaye yana nuna yadda za a tallafe shi, a kwantar da shi rigingine, wani lokaci har a ɗan nutsar da fuskarsa na ƙiftawar ido a ɗago. Niyyar waɗannan iyaye kyakkyawa ce, domin tsoron kada ruwa ya ci ɗansu ne ya kai su, tsoro ne kuwa mai tushe. Abin da nake so mu duba a tsanake shi ne, me wannan darasi yake iya ba jinjiri alal haƙiƙa, me kuma ya gagare shi.

Gaskiya ne Allah cikin hikimarSa Ya halicci jariri da wani motsi wanda ba koya ya yi ba, wato idan ruwa ya rufe fuskarsa sai numfashinsa ya tsaya na ɗan lokaci, hannuwa da ƙafafu su riƙa motsi kamar na mai iyo, abin da wata masaniya Ba'amurkiya mai suna Myrtle McGraw ta bayyana a rubuce tun 1939. Amma wannan motsi yakan gushe a cikin watannin farko na rayuwa, kuma ko a lokacin da yake nan, jinjiri ba shi da ƙarfin wuyan da zai ɗago kansa ya shaƙi iska, ba shi da hankalin da zai gane inda gaɓa take balle ya nufe ta. Bugu da ƙari jikinsa yana saurin ɗaukar sanyi, kuma idan ya haɗiyi ruwa mai yawa gishirin jininsa yana iya raguwa har ya kai shi ga jijjiga. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, wadda ta daɗe tana nazarin wannan mas'ala, kafin 2010 shawararta ita ce a jira yaro ya cika shekara huɗu. Daga baya ta sassauta, har a 2019 ta ce yara da yawa suna iya farawa daga shekara ɗaya. Amma game da wanda bai cika shekara ba, matsayinta shi ne babu hujjar da ta nuna darasin yana rage masa haɗarin nutsewa.

Saboda haka wanda ya kai jinjirinsa ruwa domin nishaɗi da sabo da shaƙuwa, yana riƙe da shi, ruwan mai ɗumi ne mai tsabta, lokacin kuma gajere, ban ga laifinsa ba. Abin da nake tsoro shi ne gafalar da ke biyo baya, ranar da uwa za ta ce a ranta ai yaron nan ya iya ruwa, ta juya ta shiga ɗaki ɗauko tawul.

Inda mafi yawan ƙananan 'ya'yanmu suke halaka kuwa, ba wurin ninƙaya na otal ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, mafi rinjaye kuma a ƙasashen da ba su da wadata. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san siffar wannan haɗari ko da bai taɓa ganin alƙaluma ba: bahon wanki da aka bari da ruwa a tsakar gida, bokitin da ɗan tatata zai leƙa, nauyin kansa ya rinjaye shi ya kife a ciki ya kasa fitowa, rijiyar da murfinta ya ruɓe aka ce gobe za a gyara, masai da aka haƙa ba a rufe ba, da kududdufin bayan gida wanda aka ɗebi ƙasar gini a cikinsa da rani, damina ta zo ta cika shi. Ma'aikatan kashe gobara na Kano sun sha ba da sanarwar ciro gawa daga rijiya ko kududdufi, har ya zama labarin da kunne ya saba da shi, wannan sabo kuwa shi kansa musiba ce. Mutane da yawa suna zaton mai nutsewa zai yi kururuwa, alhali ƙaramin yaro shiru yake tafiya, cikin mintoci kaɗan, a ruwan da bai kai gwiwar babba ba. Maganin wannan a shekarun nan na farko shi ne idon babba da shinge: a kife baho da zarar an gama, a yi wa rijiya murfi mai nauyi da kwaɗo, a sa ƙyaure a ƙofar da ke fita waje, kuma a daina ɗora amanar ɗan shekara biyu kacokan a kan yayarsa 'yar shekara bakwai, wadda ita ma wasa ne a gabanta.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ina hana koyon iyo, domin babbar damuwata ma ita ce ba ma koyar da shi ga waɗanda suka isa koyo. Tarbiyyar da yawancinmu muka sani game da ruwa hani ce da tsoratarwa, a ce wa yaro akwai aljanu a tafki, a yi masa bulala idan aka ga jikinsa ya yi furu-furu alamar ya shiga rafi. Shi kuwa yaro idan zafin bazara ya tsananta, abokansa suka kira shi, zai tafi a ɓoye, ya shiga ruwan da bai san zurfinsa ba, ba babba a kusa. A ƙarshen Nuwamba 2021 wani kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari a ƙaramar hukumar Bagwai, mutum fiye da ashirin suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyarsu ta zuwa Maulidi. Lodin da ya wuce ƙima da rashin rigar kariya suna da nasu babban alhakin, ba kuma zan ce iyo zai ceci kowa ba. Amma yaron da aka koya wa ya kwanta rigingine ya natsu a kan ruwa har taimako ya iso, ba daidai yake da wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba.

Wannan kuwa ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu. An rawaito cewa Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi umarni a rubuce a koya wa yara iyo da harbi, malamanmu kuma sun lissafa kiyaye rai a cikin manyan manufofin Shari'a, ba su taɓa ɗaukar riƙo da sababi a matsayin kishiyar tawakkali ba. A ƙasar Kabi da Yawuri akwai Sarkawa waɗanda 'ya'yansu ke tashi a bakin gulbi, duk wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda suke sarrafa ruwan Matan Fada. Ilmin yana hannunsu, abin da aka rasa shi ne hanyar da zai bi ya isa ga ɗan birni da ɗan ƙauyen da ke tudu.

Ƙasar Bangladesh, wadda ita ma ta Musulmi ce, talakawanta da yawa, tafkunanta barkatai a bayan gidaje, ta nuna yadda ake yi ba tare da dukiya mai yawa ba. Da masu bincike suka lura cewa ƙananan yara sun fi nutsewa daga hantsi zuwa azahar, lokacin da aikin gida ya sha kan iyaye mata, a ruwan da ke dab da gida, sai aka kafa wuraren reno a ƙauyuka, inda wata mace da aka horar take tara 'yan ƙasa da shekara biyar a waɗannan sa'o'i. Waɗanda suka ɗan tasa kuma aka kafa musu dakali da shingen gora a cikin tafkin gari, matasan garin suna koya musu su yi iyon mita 25, su tsaya a kan ruwa na daƙiƙa 30, su kuma ceci wani ta miƙa masa sanda daga gaɓa ba tare da sun faɗa ba. Irin wannan darasi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa yi wa yara daga shekara shida. A wurinmu dole a ƙara sharaɗi ɗaya, shi ne jami'an lafiya su zaɓi ruwan, domin tsargiya mai sa fitsarin jini tana nan a kududdufai da madatsai masu yawa. Kada kuma a bar 'ya'ya mata a baya, tun da su ne ke zuwa ɗebo ruwa da wanki a rafi, su ma suna hawa kwale-kwale. A ware musu rana, mata su koya musu, cikin sutura.

A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin yaƙi da nutsewa, rana ce kuwa da take faɗowa a tsakiyar daminarmu, lokacin da kududdufai suka riga suka tumbatsa. Don haka aikin da ke kan hakimai da dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙananan hukumomi ya kamata a fara shi tun da bazara: a zaga gida-gida a duba murfin rijiyoyi, a cike ramukan da za su ciku, a killace waɗanda ba za su ciku ba, limamai su yi huɗuba a kai kafin ruwan farko ya sauka. Masu halin da suke biyan kuɗin darasin jinjiri kuwa, ina roƙonsu su ɗauki nauyin malamin iyo ɗaya ga makarantar firamare ko Islamiyyar garin da suka fito, su kuma koyi yadda ake danna ƙirji da hura numfashi ga yaron da aka ciro daga ruwa.