Koren Ruwa Ba Ƙazanta Ba Ne

Ya kai mai kiwon kifi a Lafiya da kewaye, da kai malamin gona, akwai dukiya a tafkin kifi wadda ido ba ya ganinta sosai. Ƙananan halittu ne masu yawo cikin ruwa, waɗanda masana ke kira zufilankiton, irin su Rotifa da Moyina. Su ne abincin farko na 'ya'yan tarwaɗa da karfasa.

Kimanin kwana 3 bayan ƙyanƙyasa, ɗan tarwaɗa yakan cinye guzurin ƙwan da ke cikinsa. Bakinsa ƙarami ne, kuma hanjinsa bai yi ƙwarin narkar da abincin buhu ba. Idan bai sami waɗannan halittu ba, sai ya rame, ko manyan 'yan'uwansa su cinye shi.

Ra'ayinmu shi ne kuskure ne a dogara kacokan kan ƙwan Atimiya da ake shigowa da shi daga waje da tsada, alhali ana iya raya Moyina da kashin kaji. Cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke Sabuwar Busa ta daɗe tana nazarin wannan hanya.

Ka zuba kashin kaji busasshe a buhu, ka rataya shi cikin ruwa kamar mako guda kafin zuba 'ya'yan kifi. Ruwan zai yi kore. Rotifa kan fara yawaita, daga baya Moyina ta biyo, wato abinci yana girma tare da bakin kifin. Ka tsoma hannu har gwiwar hannu: idan tafin ya ɓace daidai nan, takin ya isa. Idan ya ɓace tun kafin nan, cire buhun, domin yawan taki yana ƙarar da iskar shaƙa, har ka ga kifi na haki a saman ruwa da asuba.

Haka abin yake a madatsar ruwa ta Doma da Kogin Mada. Maganin ƙwari da ake wankewa daga injin feshi a bakin ruwa yana kashe waɗannan halittu tun kafin ya taɓa babban kifi, kuma masunci ne zai ji a jikinsa baɗi.

Malamin gona, ka sa wannan cikin wa'azinka: a wanke injin feshi nesa da rafi, a kuma kula da koren ruwa kamar yadda ake kula da gona.