LAFIYA UWAR JIKI: Kwalara Tana da Dangi

A wannan wata za mu yi magana a kan kwalara, wato cutar amai da gudawa. Da yawa cikinmu muna tsammani iri ɗaya ce tun dā. Ba haka ba ne. Ƙwayar da ke kawo ta tana da dangi, kuma sanin halinsu zai taimake mu mu tsare gidajenmu.

Likitoci suna kiran ƙwayar nan Vibrio cholerae. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Masana sun ƙidaya irinta fiye da 200, amma biyu kaɗai ke tā da annoba. An ba su lamba, O1 da O139. Shi O1 kuma ya rabu biyu. Akwai na dā, akwai kuma El Tor, wanda ya sami sunansa daga wani wurin tsare matafiya a ƙasar Masar, inda aka fara gano shi a 1905.

Tun daga 1817 annobar kwalara ta bi duniya sau bakwai. Ta shida, na dā ne ya kawo ta. Ta bakwai kuwa aikin El Tor ce. Ta tashi a tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ta ratsa Asiya, ta shigo Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini a 1970. Kafin shekarar ta ƙare ta iso Nijeriya. Ta kai Peru a 1991, ta kai Haiti a 2010, har yau kuma ba ta ƙare ba. A 2021 kaɗai an ba da rahoton mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu.

To, me ya sa El Tor ya ture ɗan'uwansa ya mamaye duniya? Dalili biyu ne. Na fari, yana daɗewa da rai a cikin ruwa fiye da na dā. Na biyu, yawancin waɗanda ya kama ba sa kwantawa. Mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, ba abin da ke damunsa, alhali ƙwayar tana fita cikin bayan gidansa har kwana goma.

Mu lura da wannan da kyau. Gudun mai ciwo kaɗai ba zai tsare mu ba, zargin baƙo ma haka. Mai yiwuwa wanda ya ɓata rijiya lafiyayye ne daga cikin gidanmu, shi kansa bai sani ba.

Shi O139 ya ɓullo a Indiya da Bangaladash a 1992. Ya kwantar da manya da yawa, domin jikin da ya saba da O1 bai san wannan sabon ba. Annobarsa ta tsaya a Asiya, amma ya koya mana kada kowa ya ce, "Na taɓa yi, na gama da ita."

Ko wane iri ne, hanyarsa ɗaya ce: daga bayan gida zuwa ruwa ko abinci, daga nan zuwa baki. Saboda haka kowa ya yi amfani da masai, a zuba kashin yara ma a ciki. Mu wanke hannu da sabulu bayan mun fito, da kafin cin abinci. Mu tafasa ruwan sha, mu rufe randa, moɗa kuma kada ta taɓa ƙasa.

Idan wani ya fara gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, kada a jira gari ya waye. Ƙarewar ruwan jiki ke kisa, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan. A sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. A yi ta ba shi kaɗan kaɗan ana tafiya asibiti. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jariri mama. Inda aka yi jinya da wuri, waɗanda ke rasuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Sai wata mai zuwa.