Tanki na ambaliya, unguwa na ƙishi

A bazarar da ta wuce na tsaya bakin katangar wata ma'aikatar gwamnati a Damagaram, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Tankin da ke ciki ya cika har yana zuba ƙasa, don injin da ke jan ruwan da hasken rana yake aiki, kuma da tsakar rana ya fi ƙarfi. A waje kuwa mata da yara sun jera jarkoki tun asuba gaban famfon unguwa, wanda ya kwana uku ko ɗigo bai yi ba. Na yi wa maigadi magana, ya ce: "Malam, da son raina ne da na buɗe, amma umarni ne."

Umarnin wa? Da kuɗin wa aka haƙa rijiyar? Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta ce samun ruwa haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa. Ban ga inda ta ware na bayan katanga ba.

Na san amsar da za a ba ni: Damagaram a kan dutse take, shi ya sa ake janyo mata ruwa daga Gogo da Arunguza, in an saki wa kowa rijiyar za ta ƙafe. To, ba na cewa a ɓalle ƙofa. Wanda ke malala ƙasa ai an riga an jawo shi! A fito da bututu ɗaya bayan katanga, a sa masa mita, a yanka awoyi, a ɗora wa mai unguwa kula da layi. Asibiti a bar masa nasa, wannan ba gardama.

A 2018, da fari ya kai mutanen Kef Tawun a Afirka ta Kudu ga lita 50 kowane mutum a yini, manoman yankin Grabouw sun saki wa birnin kimanin lita biliyan 10 daga madatsarsu. Ruwan gonakinsu ne fa, ba na gwamnati ba. Mu kuwa na gwamnatin muke roƙo.

Magajin gari ya ƙirga duk rijiyar burtsatse da aka haƙa da kuɗin jama'a, a makarantu, ofisoshi da bariki, ya rubuta abin da kowace ke bayarwa da abin da ake sha. Ya liƙa takardar a ƙofar ofishinsa tun watan Fabrairu, kafin 'yan garuwa su ninka kuɗin kura.