Wace mota ce ta dace da ƙasar Adar?

Ranar kasuwa, tashar Madawa takan cika tun da sassafe. Ga manyan motoci suna jiran buhunan albasa. Ga ƙananan motoci masu zuwa Buza da Keita da Tamaske. Karen mota yana kiran fasinja, mai tuya tana kiran masu saye. A gindin bedi kuma mutane suna gardama. Wani ya ce mota alheri ce. Wani tsoho ya ce mota ba ta ƙoshi: ta ci kuɗi, ta ci mai, wata rana ta ci mutum.

Kowane daga cikinsu yana da tasa gaskiya.

Alherin mota ba ya ɓuya. Albasar da ake nomawa a fadamar Tarka da ta Majiya tana zuwa har Abijan da Akara. Jaki ba zai iya kai ta can ba, raƙumi ma kafin ya isa ta ruɓe. Mota ce take bin babbar hanyar kwalta da ta ratsa Madawa, wadda ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram. Idan haihuwa ta zo wa mace da gardama a ƙauye, mota ce take kai ta asibiti cikin dare. Wanda ya taɓa ganin haka ba zai zagi mota ba.

To, amma daga ina motocin nan suke fitowa? Nijar ba ta da masana'antar ƙera motoci. Wani Bajamushe mai suna Karl Benz ne ya yi mota mai aiki da man fetur a 1886. A 1913 Henry Ford na Amurka ya tsara aiki a jere: kowane ma'aikaci yana ɗaura abu guda, mota tana wucewa zuwa ga na gaba. Haka ya sa mota ta yi araha a ƙasarsu. A Najeriya, kamfanin Peugeot ya buɗe wurin haɗa motoci a Kaduna a 1975. Amma yawancin motocin da ake gani a jihar Tawa tsofaffi ne. An yi shekaru ana hawansu a Turai ko Amurka ko Japan, sa'an nan aka zubo su a jirgin ruwa zuwa tashoshin bakin teku kamar Kwatano da Lome. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga cewa daga 2015 zuwa 2018 waɗannan ƙasashe sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma kaso mafi girma Afirka ya zo.

Ke nan duk wanda ya sayi mota, kuɗinsa waje suka tafi. Idan taya ta fashe, sabuwa daga waje take zuwa. Idan injin ya lalace, kayan gyara daga waje suke zuwa. Man fetur ne kawai aka fara tacewa a gida, tun da aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011. Saboda haka sayen mota ba wasa ba ne. Ya kamata mai saye ya dubi ƙasarsa kafin ya dubi fentin mota.

Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce. Tsakanin Buza da Keita akwai hawa, akwai gangara, akwai tsakuwa mai yanka taya. Da damina gulbi yakan taso ya tare hanya. Motar da ta dace da irin wannan ƙasa ita ce mai tsayin ƙafa, mai ƙarfin ɗaukar kaya, wadda makaniken Buza ya san cikinta, kuma ana samun kayan gyaranta a Madawa ko Ƙwanni. Shi ya sa tsohuwar Peugeot 404 mai tanti ta daɗe tana aiki a ƙauyuka, bayanta kuma motocin Toyota suka karɓi hanya. Mota mai ƙyalli wadda ba a gane ciwonta sai da kwamfuta, idan ta tsaya a dawa, sai a ja ta zuwa birni. Irin wannan ta dace da mai son a gan shi, ba ta dace da mai albasa ba.

Saura maganar tsohon da ya ce mota tana cin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowace shekara mutum fiye da miliyan 1 suna mutuwa a haɗarin hanya. Sau da yawa ba ƙarfen ne mai laifi ba, masu shi ne. Ana loda buhuna har su fi motar tsayi, sa'an nan mutane su hau bisa buhunan. Taya ta suɗe, birki ya yi sanyi, direba bai yi barci ba, ga shi yana gudu a gangara. Mota mai nauyi ba ta tsayawa inda aka so, kuma kayan da suka yi tsayi su ne suke kifar da ita a kwana.

Direba yakan ce: mai ya yi tsada, motoci kaɗan ne, fasinja ne da kansu suke roƙon a ɗauke su. Maganarsa ba ƙarya ba ce. Amma ribar buhu biyar ba ta kai ran mutum ɗaya ba, kuma ran da motar ta faɗi, uwar kuɗin ma ta tafi. Fasinja shi ma yana da nasa alhakin. Idan ya ga mota ta cika, ya jira wata. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma hanya. A 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya. Mutanen ƙauyuka, musamman mata, sun jera duwatsu don tare ruwa, sun dasa itatuwa, an kuma buɗe hanyoyi tsakanin garuruwa. Wannan aiki ya taimaki mota, domin ruwan da aka tare a kan tudu ba zai sauko ya cinye hanya ba. Hanya mai kyau guda tana amfanar mai mota, da mai babur, da mai amalanke. Amalanke kuwa ba abin rainawa ba ce: ita take ɗauko buhu daga garka zuwa bakin hanya, ba ta shan mai ko lita ɗaya.

Ina rabon ɗan makaranta a cikin wannan magana? Wasu suna cewa kanikanci aikin wanda ya kasa karatu ne. Wannan kuskure ne. Makanike na gari yana auna ƙarfe da milimita, yana lissafin lita da kilomita, yana karanta takardar injin da Faransanci, yana yi wa mai mota bayani da Hausa. Yaron da ya iya harsunan nan biyu ya riga ya kama hanya, yarinya ma haka. Ƙasar da ba ta ƙera mota ba, lalle ne ta iya gyaranta. Kuɗin da aka biya makaniken gari, a gari suke kwana.

Tambayoyi

1. Me ya sa albasar Madawa take bukatar mota?
2. Wace irin mota ce ta dace da hanyar Buza zuwa Keita?
3. Direba ya ce mai ya yi tsada. Wace amsa za a ba shi?
4. A tambayi wani makanike na gari sunayen kayan aikinsa biyar, a rubuta su da Hausa da Faransanci.