A Koya Mana Tarihin Rikici Da Na Zaman Lafiya

A ganina, kuskure ne malaman tarihi su riƙa tsallake rikicin addini wai don kada a fama tsohon miki. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 a Kwalejin Ilimi ya fara, tsakanin ɗalibai irinmu, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya. Ni sai da na shigo jami'a na ji labarinsa. A haɗa mana da labarin Najjashi, sarkin Habasha Kirista, wanda ya ba Musulmin da suka yi hijira daga Makka mafaka a shekarar 615. Ɗalibin da ya san duka biyun, da wuya ɗan siyasa ya zuga shi ya ɗauki makami. 'Yan uwa, rigakafi ya fi magani.