Farar Riga Ba Ita Ce Sana'a Ba

Yau kam faɗa muka zo da shi, kuma da mu da ku duk ya shafe mu.

Kwanakin baya aka turo mana wani labari mu duba. Ba za mu faɗi mai shi ba, domin laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. Jarumin labarin ɗan Kano ne, wai yana aiki a sashen nukiliya na wani asibitin 'yan mazan jiya a Amurka. Muka gyara zama, muka ce yau za mu ji sabon abu. Babi 40 muka karanta. Mun san launin motarsa, mun san sunan turarensa, mun san yadda sajensa ya kwanta. Asibitin kuwa sau ɗaya ya taka: ya zura farar riga, ya rataya abin sauraren ƙirji a wuya, nas-nas suka bi shi da kallo, ya fito ya tafi wajen budurwa. Da za a goge sana'ar tasa a rubuta manajan banki ko matuƙin jirgin sama, ko jimla ɗaya ba za ta sauya ba.

Wannan lalaci ne, kuma ya zama ruwan dare a rubutunmu. Mun mai da sana'a kamar hula, a ɗora wa jarumi don ya yi kyau a hoto. To bari mu ɗauki ita wannan sana'ar da aka wulaƙanta, mu ga abin da marubucin ya zubar.

Da farko ma, mai wannan aiki yawanci ba likita ba ne. Ma'aikacin fasaha ne da ya yi karatun shekara 2 zuwa 4, ya ci jarrabawar samun shaidar ƙwarewa. Likita ne ke karanta hoto ya faɗi cuta, shi kuwa shi ke haɗa magani, ya auna, ya yi allura, ya ɗauki hoton. Bambancin aikinsa da na mai hoton ƙashi da muka sani shi ne, a can haske daga na'ura yake fitowa ya ratsa jiki. A nan kuwa ɗan sinadari mai fitar da tururin nukiliya ake sa wa majiyyaci a jijiya, sinadarin ya tafi ya taru a zuciya ko ƙashi ko ƙoda, kyamara ta tsaya a waje tana kama hasken da ke fitowa daga cikin mutum. Shi ya sa hoton yake nuna yadda gaɓa take aiki, ba siffarta kawai ba. Irin wannan kyamara wani Ba'amurke mai suna Hal Anger ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1950.

Ga inda labari yake. Sinadarin da aka fi amfani da shi, tekneshiyam-99m, duk bayan awa 6 rabin ƙarfinsa yake tafiya. Allurar da aka auna milikuri 20 da ƙarfe 8 na safe, zuwa 2 na rana ta koma 10, kafin safiyar gobe saura ɗaya da ɗan kai. Ba a ajiye shi a shago. Daga wani sinadarin ake tatso shi, molibdenam-99, wanda shi ma rabinsa ke tafiya cikin awa 66, har ma'aikata na kiran tukunyar da ake tatsar da sunan saniya. Shi kuma molibdenam ɗin, 'yan tsirarun injinan nukiliya ne a duniya ke samar da mafi yawansa, a ƙasashe irin su Beljiyam da Holan da Afirka ta Kudu da Ostireliya. Da injin Chalk River na Kanada ya tsaya a 2009 saboda yoyo, fiye da shekara guda asibitoci suna ɗaga gwaje-gwaje. Na hoton PET ya fi ma gaggawa: fulorin-18 minti 110 kacal yake yi rabinsa ya tafi. Mu da muke wahalar ƙirƙiro 'yan fashi da masu garkuwa don mu sa zuciyar mai karatu ta buga, ga mutum yana tsere da agogo kullum safiya, maganin da ke hannunsa yana mutuwa yana kallo, amma mun bar shi yana zaɓen turare.

Tun kafin majiyyaci na farko ya iso, ya duba akwatunan da aka kawo da asuba da na'urar auna tururi, ya goge bayansu ya gwada ko wani abu ya zuba, ya gwada ma'aunin allura, ya gwada kyamara. A ƙirjinsa akwai ɗan bajo mai ƙirga tururin da jikinsa ya sha, a yatsansa akwai zobe mai irin wannan aiki. Doka a Amurka ta ƙayyade wa ma'aikaci milisibat 50 a shekara, kuma ana so ya tsaya can ƙasa da haka. Kariyarsa uku ce: rage lokaci, ƙara tazara, da fakewa bayan dalma. Idan ya ninka tazarar da ke tsakaninsa da majiyyaci, tururin da ke isa gare shi ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Ku tsaya a nan, 'yan uwa, ku yi tunani irin na marubuci. Da zarar ya yi wa dattijo allura, dattijon nan ne ya zama abin da ke fitar da tururin. Tausayi na cewa matso ka riƙe hannunsa, ƙa'idar aiki na cewa ja da baya. Sau goma a rana mutumin nan yana raba wannan gardama a zuciyarsa. Wace soyayya muka taɓa rubutawa da ta fi wannan tsaka-mai-wuya?

Sannan su wane ne majiyyatan? Hukumar lafiyar 'yan mazan jiya ta Amurka tana da manyan asibitoci fiye da 170, da mutane wajen miliyan 9 da suka yi rajista. Cikinsu akwai waɗanda suka yi yaƙin Biyetnam, inda sojan Amurka ya yi feshin maganin kashe daji tsakanin 1962 da 1971, musamman wanda ake kira Agent Orange. Yau gwamnati ta amince cewa sankarar furostet da sankarar huhu da toshewar jijiyoyin zuciya da cutar makyarkyata ta Fakinsin suna cikin cututtukan da ake dangantawa da shi, kuma dukkansu sukan bi ta sashen nukiliya. Akwai waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan, waɗanda sai a watan Agustan 2022 aka sa hannu kan dokar PACT da ta faɗaɗa musu kulawa. Akwai ma 'yan ragowar tsofaffin da aka tsayar suna kallon gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Nebada a shekarun 1950. A ce irin wannan tsoho ne a gabanka, gwamnatinsa ta taɓa ce masa babu komai kuma aka samu komai, yanzu kai ma'aikacin gwamnatin nan ne, riƙe da sirinji cikin kwanson dalma, kana ce masa, Baba, kwantar da hankalinka, ɗan kaɗan ne. Da wane baki za ka faɗa? Da wane ido zai kalle ka?

Ko ku ɗauki gwajin zuciya. Ana so a gajiyar da ita a ga ko jini na isa ko'ina. Mai ƙafa biyu sai a sa shi tafiya a kan na'urar motsa jiki. Wanda nakiya ta cire wa ƙafa kuwa sai a ba shi maganin da zai buɗe jijiyoyin, kuma dole ya kasance bai sha kofi ko shayi ba aƙalla awa 12, domin sinadarin da ke cikinsu yana hana maganin aiki. Kofi ɗaya da ya sha a hanya ya isa ya rushe gwajin, allurar da aka tanada masa ta tafi a banza. Wani kuma jikinsa lafiya, amma yaƙi bai bar kansa ba. Da ya kwanta, kyamara ta sauko dab da ƙirjinsa, sai gumi ya karyo, ya ga kansa cikin motar da ta kama da wuta. Ana buƙatar ya kwanta shiru na kwata ko fiye, in ya motsa hoto ya ɓaci. A nan babu na'urar da za ta taimaka sai harshen ma'aikacin.

Abu mafi nauyi shi ne na ƙarshe. Yana zaune gaban kwamfuta hoton ƙashi yana fitowa, ya ga baƙaƙen ɗigo sun watsu a kashin baya da haƙarƙari. Shekarun da ya yi a aikin sun sa ya san ma'anarsu. Dattijon ya tashi yana ɗaura takalmi, ya ce, yaro, me ka gani? Ba huruminsa ba ne ya faɗa, sai likita ya karanta. Ƙarya kuma ba ta halatta ba. Abin da zai yi da fuskarsa cikin daƙiƙa biyun nan ya fi babi 40 ɗin da aka turo mana.

Mun san abin da za a ce, domin mun sha ji. Za a ce masu karatu soyayya suke so, ba darasin kimiyya ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a juye musu littafin makaranta ba. Marubucin da ya cika shafi da sunayen sinadarai don a ce ya sani, shi ma ya yi laifi. Amma mutum da aikinsa yake zuwa zance. Wanda ya saba ƙirga mintoci ba zai jure jinkirin budurwa kamar kowa ba. Ma'aikaciyar da ta samu ciki a wannan sashe, shawarar sanar da wurin aiki a rubuce don a rage mata tururi tana gabanta tun kafin ta gaya wa uwar mijinta. Sana'a ba ta kashe soyayya, ƙashi take sa mata.

Za a ce Hausa ba ta da kalmomin. Wannan uzuri ya tsufa. Kun karanto har nan, ina kuka ɓata? Harshen da ya samar wa makanikai da maƙera da masu jima sunan kowane ƙarfe da kowane mataki ba zai gaza a ƙofar asibiti ba. Inda babu kalma a ara a lanƙwasa, inda aro bai yi ba a bayyana. Mu ne ba mu nema ba.

Za a ce ba mu taɓa zuwa Amurka ba. To wa ya tilasta mana kai jarumi can? In ka kai shi, bashin bincike ya hau kanka. Kuma wanda ya bincika zai tarar da abin da ƙirƙira ba za ta ba shi ba. A asibitin 'yan mazan jiya na Bronx da ke New York, Rosalyn Yalow ta fara aikin sinadaran nukiliya a 1947 a wani ɗan ɗakin ajiyar kayan shara da aka gyara mata. Ita da Solomon Berson suka gano hanyar auna insulin a cikin jini komai ƙanƙantarsa, ta karɓi kyautar Nobel a 1977, shi kuwa ya rasu tun 1972 bai ga ranar ba. Wannan ya faru da gaske, a irin asibitin da jaruminmu ya shiga don nas-nas su kalle shi.

In kuma ba ka son nisa, abin bai yi mana nisan da muke zato ba. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit. Tun 2004 akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Akwai sashen wannan aiki a asibitin koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. 'Yan mazan jiya kuwa, tun daga kakanninmu da suka dawo daga Bama har zuwa samarin da ke dawowa daga dajin Sambisa, suna cikin unguwanninmu. Duk 15 ga Janairu ana ajiye musu furanni, amma mu nawa ne muka taɓa zama da ɗayansu muka tambaye shi yadda yake barci?

Kada a ɗauka wannan maganar ado ce kawai. Mutane da yawa daga littattafanmu suke fara jin sunan wata cuta ko wani gwaji. In duk abin da muka taɓa haɗawa da kalmar nukiliya shi ne bam, ranar da likita ya tura mahaifiyar wani hoton ƙashi, tsoron da muka shuka ne zai raka ta, wataƙila ma ya hana ta zuwa. In kuma kullum likita ne kaɗai mutum a asibitin labaranmu, yarinyar da ba ta samu gurbin likitanci ba za ta zaci ƙofa ta rufe, alhali ga ƙofofi birjik ba mu nuna mata ba.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauko jarumin labarin da yake rubutawa yanzu, ya amsa tambaya huɗu: ƙarfe nawa yake fara aiki, mene ne abu na farko da hannunsa ke taɓawa, wane kuskure ne zai iya jawo a kore shi, kuma wace gaskiya ce aikin ya hana shi faɗa? Wanda ya kasa amsa biyu daga ciki, ya ajiye biro ya je ya nemi mai sana'ar, ko a asibitin garinku, ko ɗan uwan da ke waje ta WhatsApp. Ya yi tambaya har a gaji da shi, tunda matambayi ba ya ɓata. Sannan ya rubuta shafi ɗaya tak na jarumin a bakin aiki, babu mota, babu turare, ya kawo mu karanta tare.

Allah ya ƙara mana basira, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in muna da rai.